Zan koma Kano da iyalina bayan dogon zama a Jidda: ta ina ake fara gyara zumunci?

Ɗan Koki ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar dattawa da malamai, da duk wanda ya taɓa daɗewa a wata ƙasa sannan ya tattara nasa ya nasa ya dawo gida gaba ɗaya. Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, sana'ata ɗinki, kuma na bar gida tun 'yan acaɓa suna cike da titunan gari, marigayi Sarki Ado Bayero yana kan karaga. A Jidda na yi aure, a nan kuma Allah ya ba ni 'ya'ya uku, babbansu ya kusa balaga. Tun da aka ɗora kuɗin zaman iyali a 2017, wanda ya faro daga Riyal 100 a wata a kan kowane mutum har ya kai Riyal 400 a 2020, ban da kuɗin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, zaman ya fara yi mini nauyi. Da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Sabil da Karantina, inda mafi yawan masu kawo mini ɗinki suke zaune, jama'ata suka watse, haya kuma ta yi tsada, sai na ga lokacin komawa ya yi. Mun rabu lafiya da kafilina, wato wanda ya tsaya mini a takardun zama, kuma in Allah ya yarda bayan ƙaramar Salla za mu taso.

Sha'anin jirgi da kaya na gama da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da zan tarar. Mahaifinmu ya rasu ba na nan, haka ma baffanmu da goggonmu da iyayen wasu abokaina, kuma duk ta waya na yi gaisuwa. Ƙanena da ke bi mini shi ya riƙe gidan: shi ya yi jinyar Baba, shi ya aurar da ƙannenmu mata, shi ne kuma yake tare da Hajiyarmu har yau. Ina aikowa da abin da ya samu, amma na san aike daban, tsayuwa a kan marar lafiya daban. Gidan gado ba a raba shi ba. Dangi kuma suna da yawa, wasunsu na ganin duk wanda ya fito daga Saudiyya da buhun kuɗi ya dawo, alhali abin da na tara bai wuce jarin buɗe shago da kama haya ba.

To, a ina ya kamata in sauka, a gidanmu ko in sa a kama mini haya tun kafin in iso? Wa zan fara gaisarwa, kuma yaya zan yi da tsaraba ba tare da na ɓata wa wani ko na karya jarina ba? Matata 'yar Hausawan Jidda ce, kakanninta mutanen Katsina ne, amma ba ta taɓa zama a Najeriya ba, yaran kuma Hausarsu a gauraye take da Larabci. Abokan majalisarmu na da kuwa, in ban da gaisuwar Juma'a a WhatsApp babu abin da ya rage tsakaninmu. Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni shawara da alheri.

Malamin Soro ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo ku lafiya, ya jiƙan mahaifinku da sauran magabata. Ya tabbata a hadisin Ka'abu ɗan Maliku cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya dawo daga tafiya yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu, sannan ya zauna mutane su zo wurinsa. Ya kuma hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba tare da sun san da zuwansa ba. Saboda haka, ɗan'uwa, ka sanar da ƙanenka rana da lokaci tun da wuri, domin Hajiya da matan gidan su kintsa, kada murna ta zo musu tare da jin kunya. Idan ka iso kuma ka lizimci masallacin unguwarku a kwanakin farko, domin a sahu za ka haɗu da liman da ladan da maƙwabta, kafin la'asar ta biyu kuwa babu wanda bai ji ka dawo ba.

Bashin da ke kanka mafi nauyi shi ne bashin gaisuwa, kuma shi nake so ka fi mayar da hankali a kai. Gaisuwar waya ta sauke maka wani abu a lokacinta, amma matar baffanka ba za ta ƙirga ka yi mata ta'aziyya ba sai ranar da ka shiga ɗakinta, ka durƙusa, ka ce mata "ya haƙurinmu", ka yi wa mamacin addu'a da sunansa, ko da kuwa ta daɗe da fita takaba. Kwana biyu ko uku na farko naka ne ka zauna a gida masu sannu da zuwa su same ka. Daga nan kuma ƙafarka ce za ta yi aiki. Ka zauna da Hajiya da takarda da biro, ta lissafa maka waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa da waɗanda aka aurar ba ka nan, gida gida, domin babu abin da ke yanke hira kamar ka tambayi lafiyar mutumin da ya shekara biyar a kabari. Ka roƙi ƙanenka ya raka ka maƙabarta ya nuna maka inda aka sa Baba. Bayan nan sai gidan baffa da na goggo, sai kawunnai, sai mai unguwa, sai malamin da ya koya maka karatu da ubangidan da ya ɗora ka a kan keken ɗinki, idan suna raye, idan kuma sun rasu sai iyalansu.

Idan akwai wanda tsakaninku ya yi tsami, ko wanda ka san yana riƙe da kai saboda ba ka zo jana'iza ba, kada ka bar shi a ƙarshen jerin. Hadisi ya nuna cewa mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda idan an yanke masa sai ya sadar, ba mai rama ziyara da ziyara kawai ba. Wanda ya yi maka ƙorafi a fuskarka ka bar shi ya gama, kada ka kawo masa labarin wahalar samun izinin fita, domin ba hujja yake nema ba.

Dattijon Zango ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka taso. Ni a zangon Kumasi aka haife ni, mahaifina ɗan kasuwar goro ne, kuma muna cikin waɗanda suka baro Gana a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Busiya ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. Ina yaro a lokacin, amma abin da na gani a zauren gidanmu ranar da muka iso ƙauyenmu na ƙasar Kano shi zan ba ka, domin ya shafi ƙanenka kai tsaye.

Mahaifina shi ne babba, amma ƙanensa ne ya binne kakanmu, shi ke riƙe da gona da rumbu, kuma shi ke zama a kan buzun tsohon a zaure. Da muka shigo, zauren cike da mutane, sai Baffa ya miƙe tsaye ya kakkaɓe buzun ya nuna wa yayansa. Mahaifina ya kama hannunsa ya mayar da shi inda ya taso, shi kuma ya jawo gefen tabarma ya zauna, ya ce a gaban kowa duk mai magana a kan gona ko aure ko rigimar maƙwabta ya ci gaba da zuwa wurin wanda ya saba zuwa. Har suka rabu da duniya Baffa bai taɓa yanke wata shawara ba sai ya ji ta bakin yayansa, kuma ina da yaƙinin cewa da mahaifina ya hau buzun nan a ranar, da labarin gidanmu ya sha bamban. Wasu gidajen da muka dawo tare da su, inda babban wa ya iso yana tambayar ina amfanin gonar shekara kaza, ina tumakin tsoho, har yau jikokinsu ba sa zuwa sunan juna.

Girman da kake da shi na haihuwa babu mai ƙwace maka shi, amma ragamar gidan tana hannun wanda ya kwana a asibiti, kuma shi kansa yana can yana tunanin yadda za ka shigo masa. Ka gode masa a gaban Hajiya da ƙannenku mata, da baki, ba a ɓoye ba. Kada ka soki gyaran da ya yi wa gidan, ko mijin da ya zaɓa wa wata ƙanwa, ko yadda yake ciyar da tsohuwa, ko da ka ga abin da bai yi maka ba.

Game da masauki, ra'ayina shi ne ka sauka a gidanku ko da ɗaki ɗaya ne, domin wanda ya wuce ƙofar uwarsa ya sauka a gidan haya a wata unguwa ya ba masu magana abin faɗa, ita ma Hajiya abin zai sosa mata rai ko ba ta furta ba. Amma kada zaman ya yi tsawo. Bayan 'yan makonni ka kama wuri kusa, inda yara za su iya takawa su gaida kakarsu. Maganar gado kuwa ka kulle bakinka a kanta, ko shekara nawa za a yi.

Hajiya 'Yar Fagge ta amsa:

Malam da Baba Dattijo sun yi magana a kan zaure, ni kuma bari in shiga cikin gida, domin kai ƙanena gari ka dawo, matarka kuwa baƙunta ta zo. Kai da gari ya waye za ka fita masallaci da kasuwa, ita za a bari a tsakar gida da uwar miji da facala da ƙannen miji, kowa yana kallon yadda take ɗaura zane da yadda take gaisuwa da irin girkinta. Tun kuna can ka zaunar da ita ka gaya mata wane ne wane, wa ake kira Yaya, wa ake kira Baffa, sunan wa Hajiya ba ta faɗa saboda alkunya. Ka kuma nema mata mace guda a cikin dangi, mai hankali wadda ba ta da kai-kawo, ta zama jagorarta zuwa gidajen biki da suna da gaisuwa, ta nuna mata yadda ake gudummawa da yadda ake ramawa. Matar ƙanenka fa ita ta yi wa mahaifinku wanki da dama kunu a jinyarsa, saboda haka tsarabarta ta fi ta kowace mace kyau in ban da ta Hajiya, kuma matarka ce za ta miƙa mata da hannunta.

Ita tsarabar kada ta ɗaga maka hankali. Dabino da turare da carbi da darduma da kwalli sun isa, kuma ba asiri ba ne cewa alhazai da yawa a kasuwannin Kano suke ƙarasa sayen tasu saboda nauyin kaya a jirgi. Ka ware ta Hajiya da ta ƙanenka da iyalinsa da ta tsofaffin gida, sauran ka zube su gaba ɗaya a ɗakin Hajiya ka ce ta raba. Ita ta san wanda idan aka manta da shi zai yi shekara yana faɗa, ta san wanda dabino bakwai a leda ya ishe shi farin ciki, kuma rabon da uwa ta yi ba a kai ƙararsa wurin ɗa.

Yaran kuwa za a yi musu dariya, wannan babu makawa, kuma ka gaya musu tun yanzu cewa tsokanar kaka da ta taubasai wasa ce, ba ƙiyayya ba, har ma ana so su rama. Ka koya musu durƙusawa da cire takalmi a ƙofar ɗakin manya, da karɓar abu da hannu biyu. Harshe ba abin damuwa ba ne, yara ne, kafin damina ta wuce za ka ji suna faɗa da Hausar lungu. Larabcin ne ma za ka yi ƙoƙarin kada ya zube, domin a Islamiyya zai ɗaga su. Abin da nake ji musu tsoro shi ne zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ya tashi inda babu wannan ciwo jikinsa bai saba da shi ba, idan ya kama shi yakan yi tsanani fiye da na 'yan gida, ita ma uwarsu haka. Ku kwana cikin gidan sauro tun daren farko, ku kula da ruwan sha, kuma duk wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Ni daga Libiya na dawo a 2011 da yaƙi ya tashi, a bayan babbar mota ta Dirku da Agadas, kuma na shigo Damagaram da kayan jikina kawai, bayan gida ya saba da aikena. Saboda haka a kan kuɗi da abokai zan yi magana. Ɗan'uwa, ka faɗi gaskiyar aljihunka da wuri, ga Hajiya da ƙanenka, da adadi, ka ce wannan na shago ne, wannan na haya ne, babu saura. Idan su biyun suka sani, su za su tare maka rabin masu zuwa da buƙata. Wanda ya dawo ya yi shiru yana sa sabuwar jallabiya kullum, mutane lissafin kansu suke yi masa, kuma lissafin nan bai taɓa yin kaɗan ba. Wanda ya zo neman rance ka ba shi ɗan abin da za ka iya yafewa a matsayin kyauta, ka ba shi haƙuri a kan sauran. Wanda kuma ya zo da shawarar haɗa jari, ko da abokin ƙuruciya ne, ka ce masa sai ka ga gari tukuna.

Abokai kuwa, kada ka sa ran za ka tarar da majalisa yadda ka bar ta. Tamu fadar da na koma, na tarar ana dafa shayi a wuri ɗaya, amma rabin fuskokin ban san su ba, waɗanda na sani kuma suna dariya a kan abubuwan da suka faru ba na nan. Ka je ka zauna ka fi yawan saurare. Za su tambaye ka labarin can, ka ba su daidai tambayarsu, amma ka kiyayi yawan cewa "a can ba haka ake yi ba" idan wuta ta ɗauke ko an shiga rami a titi, domin su ma sun san da matsalar, kuma a cikinta suka rayu suka yi 'ya'ya. Abin da ya mayar da ni cikinsu shi ne ɗaukar gawa tare da tsayuwa a ɗaurin aure, da zuwa duba wanda ke kwance. Wasu abotar za ta dawo, wasu kuma za ta tsaya a gaisuwar hanya, kuma wannan ba laifin kowa ba ne.

Tela Mai Zare ya amsa:

Abokin sana'a, sannu da hanya tun kafin ka taso. Tsakanin ƙaramar Salla da babba wata biyu ne da kwana goma, saboda haka idan ka ba gaisuwa makonnin farko, ka yi ƙoƙari kekenka ya fara juyawa kafin ɗinkin babbar Salla ya kankama. Shagon ma hanyar zumunci ce, domin wanda ya ji nauyin zuwa gida zai zo ya zauna a kan benci. Ka tanadi lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da wuri, domin sai da ita za a yi maka rajistar layin waya, banki kuma zai nemi BVN, lambar tantance masu asusu. Riyal ɗinka kada ka canza shi gaba ɗaya rana ɗaya a kasuwar canji ta Wapa, ka riƙa yi daidai buƙata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama abin lissafi, saboda haka ka tambayi yanayin wutar unguwa kafin ka biya kuɗin shago. Dangi kuma za su kawo ɗinkin "ai namu ne". Ka yi wa Hajiya da tsofaffi kyauta, sauran ka yi musu ragi ka faɗi kuɗin tun ana gwaji.

Ɗan Koki ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira ƙanena mun daɗe muna magana, na gaya masa ranar tasowa da abin da ke hannuna, shi kuma ya ce Hajiya ta riga ta sa an gyara ɗakunan Baba, saboda haka a gida za mu sauka. Sai dai a cikin hirar ya ambata cewa ɗaya daga cikin ƙannenmu mata mijinta ya rasu, tana haya da marayu, kuma ta taɓa yi masa maganar rabonta. Baba Dattijo ya ce in kulle bakina a kan gado, ni ma hakan ya fi kwanta mini, amma ina tsoron kada shiruna ya zama sanadin tauye ta. Malam, mene ne mafita?

Malamin Soro ya sake amsawa:

Maganar Baba Dattijo tana kan hanya ta fuskar cewa kada ka zama kai ne ka tayar da zancen da ƙurar tafiya a ƙafarka, amma ban bi shi a kan "ko shekara nawa" ba. Gado haƙƙin magada ne tun daga ranar rasuwa, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, kuma jinkirta shi alhali wata mai rabo tana cikin buƙata ba ladabi ba ne. Idan ma wani magajin ya rasu kafin a raba, rabonsa ya koma ga nasa magadan, lissafin ya ƙara sarƙewa. Tunda ƙanenka ne ya fara ambata, ka mayar masa da zancen: ka ce duk lokacin da shi da Hajiya suka ga ya dace, kai a shirye kake. Sai a sa wani kawu ko limamin unguwa ya tara ku, a kira masanin rabon gado, a yi wa gidan kuɗi, a fitar wa Hajiya tumunin takabarta, a kuma tambayi ƙanenka abin da ya kashe a gyaran gidan daga aljihunsa, ko zai karɓa ko ya yafe. Rabo ba ya nufin sayar da gida a fitar da tsohuwa. Ana iya sanin rabon kowa a rubuce da shaidu, masu hali a cikinku su sayi na ƙanwar taku su biya ta, ko da kashi-kashi ne. Kafin a kai ga haka, gidanta ya shiga cikin gidajen farko da za ka je ta'aziyya, kuma ka tafi da matarka da yaran.